Wane kurokus za ka shuka? Iri biyar a kan ma'auni, don mai ɗan lambu a ƙasar sanyi

Daga ƙarshen Agusta, duk shagon kayan lambu da ka shiga a Ingila ko Holan ko Jamus za ka tarar da 'yan ragogi a rataye, cike da wasu ƙananan kawuna masu ɓawo ruwan ƙasa, wasu kamar aya mai ƙiba, wasu sun kai ɗan goro. A jikin kowace raga akwai hoton fure da suna da Latinanci. Kurokus ke nan, furen da yake fara leƙowa daga ƙasa tun hunturu bai gama tattara kayansa ba. Wanda ya taso a Kano ko Damagaram bai san shi a lambu ba, amma ya san ɗaya daga cikin danginsa a wani wuri: za'afaran ɗin da alhazai suke tsarabarsa daga Makka, wanda malamai suke yin tawada da shi, daga cikin furen wani kurokus ake tsinko shi.

Hotunan da suke jikin ragar duk masu kyau ne, shi ya sa zaɓi yake wuya. Na ga mutane da yawa, har da ni a shekarata ta farko da lambu, sun ɗauki wanda hotonsa ya fi ɗaukar ido, suka binne a inda bai dace ba, Fabrairu ta zo ba komai sai ramuka da kurege ya bari. Abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne irin wurin da kake da shi da kuma abin da yake yawo a cikinsa da dare.

Abubuwan da za mu auna

Na farko lokacin fure, domin akwai na ƙarshen hunturu, akwai na kaka. Na biyu alamar da za ka gane iri da ita ko da takardar jikinsa ta ɓata. Sai kuɗi, sai ɗorewa, wato ko zai dawo baɗi ya kuma ƙaru ko zai ƙare a shekara biyu. Sai sauƙin kulawa, sai haɗari.

Kafin nan ga abin da kowane kurokus na gaskiya yake da shi. Furensa falle shida ne. A cikinsa akwai tsinkaye uku masu ɗauke da garin fure, da zare ɗaya a tsakiya wanda yake rabuwa uku ko fiye a samansa. Ganyensa siriri ne kamar ciyawa, da farin layi ya ratsa tsakiyarsa. Kansa kuma ba irin na albasa ba ne mai ɓawo a kan ɓawo. In ka yanka za ka ga a cure yake kamar gwaza. Kowace shekara tsohon kai yana ƙarewa, sababbi su fito a bisansa, kuma da ganyen ne suke tara abinci. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yanke ganyen sai ya yi kamar mako shida bayan fure ya faɗi, ko ya bushe da kansa.

Lambar da za ka gani a jikin raga, kamar 5/7 ko 9/10, kewayen kan ne da santimita. A cikin iri ɗaya, babban kai ya fi ba da fure.

Hanya mafi sauri ta rarrabe na ƙarshen hunturu ita ce ka leƙa maƙoshin furen da rana. In maƙoshin rawaya ne alhali fallayen fari ne ko shuɗi ko shunayya, kana gaban dangin chrysanthus ko sieberi. In babu rawaya, to galibi ko tommasinianus ne ko babban ɗan Holan. Duk waɗannan sunayen ire-iren kurokus ne, za mu zo kan kowanne a ƙasa.

Crocus tommasinianus

Asalinsa dazuzzukan yankin Balkan ne zuwa kudancin Hungary, an kuma raɗa masa sunan Muzio de Tommasini, masanin tsirrai da ya taɓa zama magajin garin Trieste. Yana fure daga Fabrairu zuwa farkon Maris. In yana rufe siriri ne kamar tsinken sakace mai ɗan kauri, bayansa ruwan toka mai haske, har za ka iya wuce shi ba ka lura ba. Da rana ta taɓa shi sai ya buɗe ɗai-ɗai kamar tauraro, cikinsa shunayya mai sanyi, zaren tsakiya ruwan lemo. Doguwar wuyar da take ɗauke da furen fara ce, ganyen kuma bai wuce milimita 2 zuwa 3 a faɗi ba. Da waɗannan biyun ake bambanta shi da ɗan Holan.

Yana cikin mafi araha, musamman in ka sayi raga mai ɗari. Ta wajen ɗorewa kuwa babu na biyunsa. Yana ƙaruwa ta kai, yana kuma zubar da iri, tururuwa su kwashe su kai shi nesa, bayan shekara huɗu ko biyar ka ga ya ɓulla a inda ba ka taɓa shuka shi ba. Yana jure inuwar itatuwan da suke zubar da ganye, yana jure ƙasa mai ɗan nauyi. Abin da ya fi sa ni son sa shi ne kurege bai cika damuwa da shi ba kamar sauran. Ban ce ba ya taɓa shi sam ba, amma a lambun da aka cinye mini komai, shi ne ya tsira.

Haɗarinsa daga ƙarfinsa yake. In ka sa shi a ƙaramin fegi tare da wasu tsirrai masu tsada, zai mamaye su, kuma fitar da shi aiki ne, don 'ya'yan kan nasa ƙanana ne ƙwarai. Iska da ruwan sama ma suna kwantar da furen da wuri. Wanda yake son launi mai ƙarfi ba tare da mamaya ba, ya nemi 'Ruby Giant': ba ja ba ne kuma ba ƙato ba ne, shunayya ce mai duhu, kuma kusan ba ya yin iri. 'Whitewell Purple' da 'Barr's Purple' suna yin iri, 'Roseus' kuma ya karkata zuwa ruwan hoda.

Manyan 'yan Holan

Su ne waɗanda kake gani a bakin titi da wuraren shaƙatawa a watan Maris, masu siffar ƙoƙo, tsayinsu santimita 10 zuwa 15. Daga Crocus vernus na tsaunukan Turai manoman Holan suka fitar da su. Ganyensu ya fi faɗi, furen ya kusa ninka na tommasinianus, kuma suna biyo bayansa da mako biyu ko uku.

Gane su da suna ba wuya, domin kaɗan ne suka cika kasuwa. 'Jeanne d'Arc' fari ne fat, da zare ruwan lemo a tsakiya. 'Pickwick' mai zane ne, fari da layukan shunayya, gindinsa da duhu. 'King of the Striped' ya yi kama da shi sosai, har masu sayarwa sukan cakuɗa su. 'Remembrance' da 'Flower Record' shunayya ne masu sheƙi, na biyun ya fi duhu. 'Vanguard' shi ne ɗan gaba, yana riga sauran fitowa, launinsa a kwance. Babban rawayan da ake zuba musu a raga ɗaya, wanda ake kira 'Golden Yellow' ko 'Yellow Mammoth', ba ɗan gidansu ba ne. Barbarar Crocus flavus da Crocus angustifolius ce, ba ya yin iri, sai dai yana ƙaruwa sosai ta kai.

Kuɗinsu matsakaici ne, kuma a kowane shago ake samun su. Suna daɗewa a cikin ciyawa mai kauri saboda ƙarfinsu ya isa ya ture ta, ana kuma hango su daga taga. Matsalarsu biyu ce. Kurege da ɓera suna son kawunansu, musamman sabuwar shuka da ƙasarta take da laushi. Gwara kuma takan yayyage furen rawaya. Sannan da yake sun makara, ganyensu yana kaiwa Mayu yana kore, wato mai filin ciyawa zai haƙura da yanka har zuwa lokacin, filin ya yi buzu-buzu. In kana haya a gidan da ake sa ido kan tsaftar fili, ka yi la'akari da wannan tun kafin ka saya.

Akwai wani abu da yake taɓa ni duk sanda na ga shimfiɗar kurokus mai shunayya a bakin hanya a Birtaniya. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙungiyar Rotary ne suke shukawa don tunatarwa kan yaƙi da shan inna, kuma sun zaɓi launin ne saboda tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa bayan an ɗiga masa maganin. Duk wanda ya zauna a arewacin Najeriya ya san wannan yatsa.

Crocus chrysanthus da danginsa

Nan ne kyau yake, nan ne kuma asara ta fi yawa. Asalinsa Turkiyya da Girka da sauran yankin Balkan, a gangaren tsaunuka inda yake fure da zarar dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Ƙarami ne, santimita 7 ko 8, furen a dunƙule, kuma kai ɗaya yakan ba da fure uku ko huɗu a jere. Yana da ƙamshi kamar na zuma, amma sai ka sunkuya. Shi ya sa na fi son sa a tukunya a kan tebur ko dakali.

Na daji rawaya ne. Yawancin masu suna da ake sayarwa barbara ce tsakaninsa da Crocus biflorus, daga nan fari da shuɗi suka shigo. 'Cream Beauty' ruwan madara ne, kuma a ganina shi ne mafi aminci a cikinsu. 'Blue Pearl' shuɗi ne mai haske a waje, kusan fari a ciki. 'Snow Bunting' fari ne da 'yan zane a baya, E. A. Bowles ne ya fitar da shi, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan waɗannan furanni a lambunsa na Myddelton House a Enfield, arewacin Landan. 'Zwanenburg Bronze' da 'Gipsy Girl' rawaya ne a ciki, na farkon bayansa ruwan tagulla ne gaba ɗaya, na biyun zane-zane ne. 'Ladykiller' da 'Prins Claus' farare ne masu tabon shunayya a baya. Ka lura cewa yawancin waɗannan a bayan falle bambancinsu yake, don haka da safe ko ranar da hadari ya rufe, lokacin da furen yake a tsuke, aka fi gane su.

In shakka ta rage, duba ɓawon kan. Na chrysanthus santsi ne kamar takarda, yana ɓallewa zobe-zobe daga gindi. Na Crocus sieberi, wanda shi ma maƙoshinsa rawaya ne, saƙa ce kamar ragar kamun kifi. Daga gidan sieberi ne ake samun 'Tricolor', wanda ba ya ɓoyuwa: shunayya a sama, farin ɗamara a tsakiya, rawaya a ƙasa.

Gaurayen raga yana da araha, masu suna sun ɗan ɗara. Amma ba sa yafe kuskure. Suna son rana sosai da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, kuma suna son bushewa a lokacin zafi sa'ad da suke barci. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, irin wadda ta yi yawa a kewayen Landan, sukan ragu shekara bayan shekara. Ciyawa mai kauri tana shaƙe su. Ga kurege kuwa, kamar ka ajiye masa gyaɗa ne. A tukunya ka gauraya ƙasar da tsakuwa ko yashi mai kaushi, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka rufe bakin da ragar waya har su tsiro.

Crocus speciosus

Na kaka ne, Satumba zuwa Oktoba, daga Turkiyya da Iran da yankin Kokasas. Furen yana fitowa shi kaɗai ba ganye, dogo, shuɗi mai ratsin jijiyoyi, zarensa na tsakiya ruwan lemo ne mai rassa da yawa kamar bakin tsintsiya. Ganyen sai bayan hunturu. Kuɗinsa kaɗan ne, yana ƙaruwa da kansa, ba ya neman kulawa. Wuyarsa ce ba ta da ƙarfi, ruwan dare ɗaya yakan kwantar da shi, don haka a shuka shi cikin gajerun tsirrai da za su tallafe shi. 'Conqueror' da 'Oxonian' su ne aka fi samu, akwai kuma fari, 'Albus'. A Agusta ake binne shi, ba a jira Oktoba.

Crocus sativus, mai za'afaran

Wannan ne 'yan uwa suka fi tambaya a kansa. Yana fure a Oktoba zuwa Nuwamba, launinsa shunayya mai haske da jijiyoyi masu duhu, kuma ba a ɓata shi da wani: zare uku jajaye jawur, dogaye har suna leƙowa waje daga cikin furen. Su ne za'afaran. Ganyensa yana fitowa tare da furen, siriri ƙwarai, ya zauna kore duk hunturu. Ba ya yin iri ko kaɗan, kuma ba a samun sa a daji. Dubban shekaru ke nan hannun mutum ne yake raba kawunansa yana dasawa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga Crocus cartwrightianus na Girka ya samo asali.

Iran ce take noma kusan kashi 90 cikin ɗari na za'afaran ɗin duniya, galibi a Khurasan. Ana kuma nomansa a Kashmir, da La Mancha ta Sifaniya, da Kozani ta Girka, da Taliouine ta Maroko. Duk wurare ne masu hunturu mai sanyi da lokacin zafi busasshe. Ingila ma ta taɓa nomansa, har garin Saffron Walden da yake Essex ya samo sunansa daga nan (saffron shi ne za'afaran da Turanci), wato ba abu ne da ya gagara ba.

Sai dai a yi lissafi. Ana bukatar fure kamar 150 kafin a samu giram ɗaya na busasshen za'afaran. In ka shuka kai ashirin kowanne ya ba ka fure ɗaya ko biyu, zare 60 zuwa 120 ke nan, abin da zai ishi tukunyar shinkafa biyu ko uku. Kansa ya fi na sauran tsada nesa ba kusa ba, kuma sai babba, 9/10 zuwa sama, yake fure a shekarar farko. Abin da ya fi karya gwiwa shi ne shekara ta biyu: kan yakan farfashe zuwa ƙanana da yawa, ka samu ganye cunkus ba fure. Maganinsa a binne shi da zurfi, santimita 15, a wuri mafi zafi a lambun, gindin bangon da yake kallon kudu, a ba shi taki yayin da ganyen yake kore, a hana shi ruwa daga Yuni zuwa Agusta, a kuma tone a rarraba duk bayan shekara uku ko huɗu. Ana tsinke zaren da safe ranar da furen ya buɗe, a shanya a inuwa.

Masu tunanin kai shi gida su sani cewa sanyin hunturunmu na dare ne, rana tana fitowa ƙasa ta ɗau zafi, kuma damina tana faɗowa daidai lokacin da kan yake bukatar bushewa. Na ƙarshen hunturun kuwa suna son wajen mako 12 na sanyi irin na firiji kafin su yi fure.

Wanda ba kurokus ba ne, kuma yana kisa

Wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Akwai wani fure, Colchicum autumnale, da yake fitowa a kaka ba ganye, ruwan hoda ko shunayya, kuma sunayen da ake kiransa da su a kasuwannin Turai suna haɗa shi da kurokus, wani ma da za'afaran. Ba danginsu ɗaya ba. Dukkan jikinsa guba ne, daga kai har fure, saboda sinadarin kolcisin, wanda likitoci suke ba da ɗan mitsitsinsa don wani ciwon gaɓoɓi amma in ya yi yawa ba shi da makari. A Jamus da Austriya an sha rasa rayuka saboda mutane sun ɗauki ganyensa a matsayin tafarnuwar daji.

Ƙirga tsinkayen garin fure: kurokus uku, kolcikum shida. Zaren tsakiyar kolcikum uku ne rabe tun daga ƙasa, farare-farare, ba jajaye ba. Ganyensa faffaɗa ne ba farin layi, kansa kuma babba ne, ya cika tafin yaro. Kada abin da bai cika alamar sativus duka ba ya shiga tukunya ko tawada. Gidan da yake da yara masu rarrafe ko kyanwa, gara a bar kolcikum a shago.

A taƙaice a tebur

| Iri | Lokacin fure | Alama | Kuɗi | Ɗorewa | Babbar matsala |
|---|---|---|---|---|---|
| tommasinianus | Fabrairu–Maris | siriri, farar wuya, ba rawaya a maƙoshi | araha | ƙwarai | mamaya |
| 'yan Holan | Maris | babba, ganye mai faɗi | matsakaici | sosai | kurege, jinkirin yanka ciyawa |
| chrysanthus | Fabrairu | ƙarami, rawayan maƙoshi, ƙamshi | araha zuwa matsakaici | sai ƙasa ta dace | ruɓewa, kurege |
| speciosus | Satumba–Oktoba | ba ganye, zare mai rassa | araha | sosai | kwanciya da ruwa |
| sativus | Oktoba–Nuwamba | jan zare uku dogaye | tsada | sai da wahala | daina fure, ruɗewa da kolcikum |

Wanne ne naka?

In fili kake da shi mai ciyawa ko gindin itace, kuma gidan naka ne ko za ka daɗe a cikinsa, sayi tommasinianus ɗari, ka watsa su da hannu kamar mai yafa iri, ka binne kowanne a inda ya faɗi, zurfin santimita 8 zuwa 10, tsinin yana kallon sama, tsakanin Satumba da farkon Nuwamba. Haka ma in kurege ya addabe ka. In fegin ƙarami ne, 'Ruby Giant'.

Mai son abin da za a gani daga titi ko daga tagar kicin, ko mai son yara su shuka da hannunsu su ga sakamako, 'yan Holan ne nasa. 'Jeanne d'Arc' da 'Remembrance' a haɗe suna fure kusan tare. Ya shimfiɗa ragar waya a kan ramin a shekarar farko.

Wanda yake bene ba shi da ƙasa sai baranda, chrysanthus ne ya dace da shi, 'Cream Beauty' ko 'Blue Pearl', ya ƙara 'Tricolor' a tukunya ta daban. Tukunyar ta kwana a waje duk hunturu, don ɗumin ɗaki yana hana su fure. Sai sun fara nuna launi a shigo da su na yini ɗaya ko biyu.

Mai son launi a kaka ba tare da aiki ba, speciosus. Za'afaran kuwa na wanda yake da bango mai shan rana ne, wanda kuma ya yarda cewa don daɗin tsinkar nasa da hannunsa yake yi, kasuwa za ta ci gaba da cike masa sauran. Ya saya daga mai sayar da iri da ya rubuta Crocus sativus ƙarara a jikin ragar, ya binne kafin tsakiyar Satumba, kuma ranar da furen farko ya buɗe ya ƙirga tsinkayen kafin ya kai hannu.